Kafin Ka Tura Kuɗin Filin Nan

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiya da ta motsa da sanyin nan, amma da sauƙi.

Ba a bakinka na ji ba, a bakin Kawunka na ji, wai za ka sayi fuloti biyu a hanyar Gwarzo, wajen Janguza, ka gina ɗakunan haya saboda ɗaliban jami'ar Bayero. Tunanin bai yi laifi ba, kuɗin ajiya yanzu kullum daraja yake zubarwa. Sha'anin 'yan haya kuwa za ka koya. Ka karɓi na shekara, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kowane ɗaki da mitarsa don kada a riƙa faɗa kan kuɗin wuta, a kuma faɗi tun farko wa zai biya yasar masai. In mutum ya ƙi biya, ba a cire masa ƙofa ko kwanon rufi. Notis ake ba shi, mai biyan shekara wata shida, sannan kotu.

Abin da ya hana ni barci daban ne. An ce filin na gado ne, awon igiya, kuma babban wan magadan kaɗai zai sa hannu. An ce har an rage maka farashi don ka biya cikin mako. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Magadan su nawa ne? Ka tambaya? An raba gadon gaban alƙali, akwai takardar rabo? Matar mamacin ta karɓi tumuninta? 'Yan matan da ke ɗakunan aurensu a wasu garuruwa, an shawarce su? Akwai marayu ƙanana a ciki? Waɗannan su ne ke yin shiru har sai ka kai linta, ka yi rufi, ka zuba 'yan haya, sannan sammaci ya iso. A lokacin dillali ya daɗe da cinye la'adarsa, lambarsa ma ba ta shiga.

Kada hatimin mai unguwa ko na dagaci ya ruɗe ka. Shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta mayar da haƙƙin wani naka. Tun dokar ƙasa ta 1978, filaye suna hannun gwamna ne, takardar mallakar da ake bayarwa ma ta shekara 99 ce. A je KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, a duba ko wurin hanya ne ko an taɓa ba wani, a nemi izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin a dasa bulo ko ɗaya. Ka ga shagunan Filin Idi da aka rushe a 2023, masu su ma da takardun da suke taƙama da su. Ina ga kai mai fallen takarda ɗaya?

Ka ɓoye mini ne don ka san abin da zan faɗa. Na san ku, kai da yayyenka, kun ɗauke ni matsoraci, wai tsorona ne ya sa har yau gida ɗaya gare ni. To, ni na yi shekara bakwai ina zaryar kotu kan gidan bayan makaranta, ba kai ba. Kana aji huɗu lokacin, ka san inda keken ɗinkin mahaifiyarka ya tafi. Har gobe Kawunka yana cewa da na ɗaukaka ƙara da na ci. Wataƙila. Amma na ga yarinyar nan, ɗaya daga cikin magadan gidan, a gaban alƙali da goyo a bayanta, na san rabonta ne aka sayar mini, kuma ba zan ciyar da ku da shi ba. Kai yanzu daga Fatakwal, ta waya, za ka tura gumin shekara biyar ga mutanen da ko fuskarsu ba ka taɓa gani ba? Ba haka na rene ka ba.

Ba faɗa nake maka ba, kuɗinka ne, kai ka sha wahalarsu. Ka dai riƙe su zuwa Sallah. In ka zo, mu je tare, a tara magadan maza da mata, kowa ya faɗi da bakinsa ya sa hannu. In an ce ba za a iya jira ba, a bar musu kayansu.

Hajiya ta ce ka taho da yaran, kuma kada ka manta da man zafin nan da ka kawo mata bara. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka