Abin Dubawa Kafin a Biya Mai Garka Kuɗin Kayan Miya Tun Gabanin Shuka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani tsari da magidanta suka fara maganarsa a nan Yamai, wato gidaje su haɗu su biya mai garka kuɗi tun bai yi shuka ba, shi kuma ya riƙa kawo wa kowane gida kasonsa na kayan lambu mako-mako har lokacin ya ƙare. Ina cikin masu goyon bayan abin, sai dai na lura cewa masu sha'awar shiga tambaya ɗaya suke fara yi, ko zai fi kasuwar Katako araha, alhali ita ce ta kamata ta zo a ƙarshe.

Ba yau aka fara wannan tsari a duniya ba. Tun wajejen 1970 matan gida a Japan, saboda tsoron magungunan da ake zuba wa amfanin gona, suka riƙa ƙulla yarjejeniya kai tsaye da manoma. A 1986 gonaki biyu a Amurka, ɗaya a Massachusetts ɗaya a New Hampshire, suka kama wannan hanya, sannan a 2001 aka kafa ƙungiyar AMAP ta farko, wato ta gidajen da ke ƙulla irin wannan yarjejeniya da manoma, a Aubagne, kusa da Marseille a Faransa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san yadda ake haɗa kuɗi a raba kaso. Bambancin shi ne a watanda saniya tana tsaye kowa ya ga ƙibarta, a nan kuwa iri bai ma shiga ƙasa ba.

Amfanin da mai garka yake samu a fili yake. Daga Oktoba zuwa Nuwamba yake bukatar kuɗin iri da taki da esansin injin ban ruwa da ladan 'yan ƙwadago, kuma lokacin ne hannunsa ya fi zama wayam. Idan ya karɓi bashi wurin ɗan kasuwa, ɗan kasuwar ne zai yanka farashi ranar ɗiba, ranar da tumatir da shu da salati suka cika kasuwa har ana neman kai da su. Manoman albasa na Galmi da Madawa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa mai hali yake zuba tasa a rudu ya jira farashi ya tashi; amma mai salati ba shi da rudun da zai ajiye ganye. Kuɗin da gidaje suka biya tun farko ne ke raba shi da wannan ƙangi, su kuma su san hannun da ya noma abin da suke ci.

To, duk wanda zai zaɓi kaso, shawarata ta farko ita ce ya taka da ƙafarsa ya je garkar, kada ya wadatu da hotunan da ake turowa a WhatsApp. Idan ya isa, ya fara tambayar inda ruwa yake fitowa. Garake da yawa a Saga da Gudel da Kirkisoye daga kogi ko rijiya suke sha, amma sanannen abu ne cewa kwarin Gunti Yena yana kwashe ruwan dattin unguwanni kafin ya faɗa kogi, kuma akwai masu ban ruwa da shi. Kuɓewar da za a dafa ta daɗe a wuta da sauƙi, salati da karoti da kokombar da yara za su ci ɗanye kuwa ba abin wasa ba ne. Ya bi tiyo da idonsa daga bakin fangali har inda aka tsoma shi, ya ga launin ruwan, ya ji warinsa.

Bayan ruwa sai maganin ƙwari. Ya leƙa cikin bukkar da ake ajiye kayan aiki, domin a nan gaskiya take: akan tarar da kwalba a rataye kusa da famfon feshi, takardar jikinta ta koɗe da rana, wani lokaci ma an juye maganin a gorar ruwan sha ba suna ba kwanan wata. A ƙasashen Sahel akwai wani kwamiti a ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari, da ke tantance magungunan da aka yarda a yi amfani da su, kuma kowane magani yana da adadin kwanakin da ake jira tsakanin feshi da ɗiba, a rubuce a jikinsa. Mai garkar da aka tambaya ya faɗi sunan maganinsa da ranar da ya yi feshi na ƙarshe ba tare da kame-kame ba, ko ya nuna jiƙon 'ya'yan dogon yaro da tonka da sabulu da yake haɗawa, ya cancanci a amince masa. Wanda ya ce piya-piya yake fesa wa ganye kuwa, sai a yi masa sallama cikin mutunci.

Batun da ya fi nauyi, wanda kuma mutane suke jin kunyar tayarwa, shi ne asara. A ƙasashen da na ambata an gina tsarin ne a kan cewa mai saye da manomi su raba daɗi da wuya: shekara ta yi kyau kwando ya cika, ta ɓaci kowa ya haƙura da kaɗan. Mu mazauna Yamai mun ga abin da kogi ya yi a daminar 2020, lokacin da ruwa ya fasa madatsar Lamorde ya shanye gidaje da garake da gonakin shinkafa, kuma ko ba ambaliya tsutsar tumatir kan gama da fangali cikin 'yan kwanaki. Idan haka ta faru, za a mayar da kuɗi ne, ko za a ɗaga kason zuwa shuka ta gaba, ko za a musanya tumatir da albasa? Wannan magana tana da ɓangaren addini da bai kamata a tsallake ba. Shari'a ta halatta cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, bisa sharaɗin a san ma'auni, a san nauyi, a san ajali, kuma malaman fiƙihu suna son kayan su zama bashi a wuyan mai sayarwa, ba a rataya su ga amfanin wata gona guda da ka iya lalacewa ba. Saboda haka a ganina kada mu kwafo yarjejeniyar Turawa yadda take. A zauna da malami, a rubuta kilo nawa na kowane iri, wace rana, har zuwa wane wata, da abin da za a yi idan annoba ta faɗo, sannan shaidu su sa hannu.

Sai kuma mutum ya auna tukunyar gidansa. Kwandon da ya zo ranar Asabar da shu uku manya da ganyen da uwargida ba ta saba da shi ba, alhali abin da miya take nema kullum tumatir ne da albasa da tattasai, rabinsa awaki ne za su ci, musamman a gidan da ba firiji ko inda wuta take yawan ɗaukewa. Uwargida ce ta san abin da ke ƙarewa da abin da ke ruɓewa, don haka ita ya dace ta zaɓi girman kaso, maigida ya biya. Gida ƙarami ya haɗa kaso ɗaya da maƙwabci. Mai farawa kuma ya ɗauki lokacin sanyi kaɗai, daga Disamba zuwa Maris, domin duk mai garkar da ya yi alkawarin salati da tumatir mai yawa a tsakiyar zafin Afrilu da Mayu, ko dai a kasuwa zai sayo ya zuba a kwando, ko ya saɓa alkawari. A bazara da damina abin da ƙasa take bayarwa da sauƙi shi ne zogale da kuɓewa da yakuwa da lalo, kuma mai gaskiya zai faɗi haka tun farko.

Wurin karɓa ma a tsayar da shi kusa, a ƙofar gidan wani daga cikin 'yan ƙungiya, kada kuɗin taksi ya cinye ribar. Bayan duk wannan ne za a yi lissafin farashi, kuma a yi shi a kan lokacin gaba ɗaya, ba mako guda ba, domin a Janairu kasuwa za ta fi kwando araha, amma idan azumi ya kama ko zafi ya shigo lissafin yakan juya.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne kafin Oktoba ka tura wakilinku ya zagaya garaken bakin kogi ya ji ta bakin masu su, ya tuntuɓi ƙungiyar masu noman lambu ta FCMN-Niya da ma'aikatan RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, sannan jaridar ta buga samfurin yarjejeniya a shafi guda, da Hausa da Zabarmanci, wanda kowace unguwa za ta iya kwafa ta cike.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga unguwar Yantala, Yamai