Roƙon tallafi: ku taimaka mana da ƙarfen da yara za su ɓata

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa na nan Gadarif, da danginmu mazauna Bur Sudan, Jidda da Makka.

Mu ne kwamitin makarantar koyon sana'a ta unguwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023, yaran da suka baro Khartoum da Madani sun cika mana aji, kayan aiki kuwa suna nan yadda suke.

A da, malam ne ke yanka ƙarfe ya yi walda, yaro ya kwaikwaya. Yanzu matsala muke ajiye wa yaro a gaba, irin yadda ake horar da injiniyoyi: ya je ya tambayi mai matsalar, ya auna, ya zana a takarda, ya haɗa samfuri da kwali, sannan ya taɓa ƙarfe.

Ga misali. Kowa ya san wahalar da mata ke sha wajen raba riɗi da yashi kafin a kai kasuwa. Yara huɗu suka ƙera rariya mai hawa biyu, ta sama ta tare ƙaiƙayi, ta ƙasa ta zubar da yashi. Rariyar da suka fara ƙerawa, ramukan ƙasa sun yi faɗi, riɗin ya bi yashin ya zube. Ta biyu ta yi nauyin da inna ba za ta iya girgizawa ba. Sai da suka rataye ta uku da igiya a jikin ƙafafu uku kafin matan suka ce madalla. Malam bai nuna musu ba, tambaya kawai yake yi.

Wani dattijo cikinmu ya ce wannan ai ɓarnar ƙarfe ce. Gaskiyarsa, akwai ɓarna, kuma kuɗinta muke roƙo, domin a rariyar da ta lalace ne yaran suka koyi awo.

Muna buƙatar ƙarfe da raga, sandunan walda, tef ɗin awo, tabarau da safar hannu. Babba a ciki shi ne sola, saboda in wuta ta ɗauke, aiki ya tsaya. Maƙera da masu gareji, ragowar ƙarfenku ma muna so.

Na kusa su miƙa wa ma'ajin kwamiti bayan sallar Juma'a, a karɓi rasit. Na nesa su tura ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartoum. Za mu karanta lissafi a taron iyaye na ƙarshen zango. Allah Ya saka da alheri.