A tambayi nas kafin a sa kwamfuta a ɗakin majinyata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan yadda asibitocin Legas ke barin katin takarda suna komawa kwamfuta. Abin yana da amfani, domin fayil ya daina ɓata, an kuma huta da fama da rubutun likita. Sai dai yawanci akan sayo kayan ne ba tare da an tambayi nas ɗin da za ta kwana tana aiki da su ba.

Abin da ya fi shafar mutanenmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 shi ne suna. Mai yankar kati sau da yawa ba ya jin Hausa. Yau ya rubuta Mohammed, wata mai zuwa wani ya rubuta Muhammad, Hauwa'u kuma ta koma Awawu. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta buɗe sabon fayil. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba a cika masa 1 ga Janairu, sai ka ga mata huɗu da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. Haɗarin shi ne, an rubuta a tsohon fayil cewa jikin majinyaci ba ya son penisilin, nas kuma sabon take dubawa. Kafin a buɗe fayil a fara nema da lambar waya, ko NIN mai lambobi 11. Kafin kowace allura nas ta tambayi suna da lambar kati, ta gwada da na allo. 'Yan uwa mata kuma don Allah a daina zuwa awo da katin ƙanwa ko na maƙwabciya, ba lallai ne rukunin jininta ya zama irin naki ba.

Sai yawan na'urori. Ɗaki mai gado talatin, kwamfuta ɗaya a tebur, ga awon jini da zafin jiki da bugun zuciya duk bayan awa huɗu. Dole nas ta rubuta a guntuwar takarda, wani lokaci a bayan safar hannu, sai dab da miƙa aiki ta zauna ta shigar. Jinin da ya sauka ƙarfe biyun dare ba zai bayyana a allo ba sai da safe. Wajen kwafa ne kuma ɗigo ke faɗuwa: yaro mai kilo 8.5 ya zama mai kilo 85. Farasitamol na yara miligiram 15 ne a kan kowane kilo, kun ga kenan an ninka masa sau goma. Manhajar kirki ya kamata ta ƙi karɓar nauyin da bai dace da shekaru ba.

Wuta ma lissafi ce. Kwamfutar tebur da allonta suna jan kusan wat 100, ta hannu kuwa, wato tablet, wajen 10. Batirin inbata na gama-gari mai bolt 12 da 200Ah, in ana so ya daɗe, rabinsa kawai ake sha, wanda ba zai kai kwamfutoci biyu asuba ba. Balle wani ya jona butar dafa ruwa. Gara a sayi na hannu, a ajiye uwar kwamfutar da ke riƙe duk bayanan a cikin asibiti yadda aiki ba zai tsaya ba in sabis ya ɗauke, a kuma tanadi fom na takarda tare da sunan wanda zai shigar da shi in wuta ta dawo.

Lambar sirri ɗaya da ake liƙawa a gefen allo kowa ya shiga da ita, ranar bincike nas mai lambar ce za ta amsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da dokar kare bayanai ta 2023 duk sun wajabta tsare sirrin majinyaci, don haka tura hoton fayil ta WhatsApp ma a kiyaye.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Legas a Alausa: a sa shugabannin nas-nas cikin masu gwada manhaja kafin a biya kuɗinta, a gwada ta a aikin dare, horo kuma a ware masa ranaku, kada a haɗa shi da lokacin da nas ke kan majinyata.

Na gode.

Daga wata ma'aikaciyar jinya,
Agege, Legas.