Wasiƙar godiya ga ofishin Fadama na Jihar Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni manomin rani ne a yankin Kura, kuma na rubuto wannan ne a madadin ƙungiyarmu. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba.

Sai wanda ya san halin da muka shiga zai gane nauyin godiyar. A watan Afrilun 2020 aka sa dokar kulle a Kano saboda korona, ga azumi ya kama, ga sauran tumatir a gona. An ce motocin abinci na iya wucewa, amma direbobi sun ji tsoron hanya, masu saye daga Legas suka ɗauke ƙafa. Da idona na ga kwanduna jere a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ruwa na tsiyaya ta gindinsu, ƙuda ya rufe su, babu mai tayawa. Na dawo da nawa gida, mai ɗakina ta yanka abin da zai yanku muka shanya kauɗa, sauran muka zubar. Da damina ta zo, tinkiyar da muke taƙama da ita na sayar na sayi taki. Injin ban ruwana kuwa ya bi ta wajen biyan bashi.

A rediyo na fara jin shirin NG-CARES, cewa Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a watan Disambar 2020 don jihohi su farfaɗo daga annobar, kuma ɓangaren noma yana hannun Fadama, shirin gwamnati na tallafa wa manoma. Gaskiya ban sa rai ba. Mun sha rubuta suna a takarda, daga nan sai labari.

Wannan karon da bambanci. Malamin gonarku ya zo har bakin fadama, ya cire takalmi ya shiga fangali, ya tambayi abin da muke shukawa da inda muke jan ruwa. Ya ce sai mun haɗu a ƙungiya, kuma kowa zai tsaya a gonarsa a gan shi. Bai nemi ko na goro ba. Da wani dattijonmu ya miƙa masa albasa a leda, dariya ya yi ya ce, “Baba, ajiye ta, sai ranar girbi in zo in ci.”

Ba kuɗi aka damƙa mana ba, kuma a ganina hakan ya fi. Da tsaba ce, da cefane da maganin yara sun cinye ta kafin sati. Iri mai kyau muka samu, da taki, da maganin feshi, ƙungiya kuma ta samu injin ban ruwa da muke karɓa-karɓa. Ranar rabo an kira kowa da sunansa, ya dangwala, ya ɗauka. Wata bazawara a cikinmu, mai marayu, awaki aka ba ta. Yanzu garkenta ya fara cika tsakar gida.

Daga baya wasu baƙi suka zo tantancewa, suna tambaya ko da gaske kaya sun iso hannunmu. A nan na fahimci tsarin: jiha ce ke fara kashe kuɗinta, sai an tabbatar da aikin sannan Bankin Duniya ya biya ta. Kuma rance ne, wata rana jikokinmu za su biya. Shi ya sa ya faranta mini rai cewa a gonar talaka aka zuba shi.

Roƙonmu ɗaya ne. Akwai maƙwabtanmu da rabon bai kai gare su ba, kuma asarar da suka yi ba ta gaza tamu ba. In an sake buɗe rajista, a taimaka a tuna da su.

Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci zuri’arku, ya kare mu daga dawowar irin waccan annoba. Malam kuma, albasa ta kusa isa cira, muna nan muna jiran cika alkawari.

Naku,
Wani manomin rani daga Kura, Jihar Kano