Inuwa Kafin Ado a Wuraren Shaƙatawa

Ranka ya daɗe Edita,

Rahotonku kan gyaran wuraren shaƙatawa a birnin Kano ya fi mai da hankali ga katanga da fenti. A ganina inuwa ce kan gaba.

A zafin Maris da Afrilu, bencin ƙarfe ko na siminti da ke tsakar rana ba ya zaunuwa sai bayan la'asar. Shi ya sa za ka tarar da fili fayau, mutane kuwa sun yi cincirindo a gindin darbejiyar bakin titi, cikin ƙura da hayaƙin adaidaita sahu. Furannin ado ba sa rufe kan kowa, ga shan ruwa.

Ina ba hukuma shawara ta fara da bishiyoyi: darbejiya da ceɗiya, tazarar mita 8 zuwa 10, benci ta gabashin kowace domin inuwar yamma ta sauka kansa. A kewaye dashen saboda awaki, a sa ban ruwan rani biyu cikin kwangilar, domin ranin farko ne ke kashe dashe. Sai famfon alwala da bayan gida na mata daban. In babu su, uwa mai yara daga Fagge ko Gwale ba za ta jima ba.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano