Kafin a zuba wa waken suya yuriya, a duba saiwarsa

Edita, assalamu alaikum.

Makon jiya na bi ta gonar ɗan wana, na tarar yana watsa wa waken suyarsa yuriya karo na biyu, kuma bashi ya ci ya sayi buhun. Na ce, "Ɗana, tumɓuko min tushe ɗaya." Muka wanke saiwar a bokiti. Ƙullutan da ke jikinta ba su fi a ƙirga ba. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa fari fat. Da yana aiki, da ja-ja za a gan shi kamar ɗanyen nama.

Kowa ya san wake na gyara ƙasa, amma ba a cika zama a gaya wa manomi ta yaya ba. A jikin saiwa akwai siririn gashi da ido ke gani da ƙyar, kowane sili ƙwayar halitta ce guda tak da ta miƙe. A fatar gashin nan akwai wasu furotin da ke zaman masu gadi. Saiwa takan saki wani sinadari cikin ƙasa, ƙwayoyin rizobiyam, wato wasu bakteriya da ke zaune a ƙasa, su ji, su yi tasu sallamar. Da masu gadin sun gane mai sallama, sai gashin ya lanƙwashe kamar ƙugiya ya rungume baƙin, ya buɗe musu hanya har cikin saiwa. Nan ƙullutu ke fitowa, a ciki baƙin ke kamo naitirojin daga iska, wato abincin shukar da ake sayen yuriya dominsa, ba ko sisi. A 2003 masu bincike a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Danmak suka gano biyu daga masu gadin, NFR1 da NFR5. Tsiron da ya rasa su, ko an jibge masa ƙwayoyin, gashinsa ko gezau.

Gyada kam da nata salon, ta tsagar da reshen saiwa ya fito take shigar da baƙinta.

To, shuka ba ta da wauta. Da sukarin jikinta take ciyar da baƙin nan, don haka in ta ƙoshi da yuriya sai ta ja ƙofa. Takin supa ne abincin wake, sai garin rizobiyam irin NoduMax na cibiyar binciken noma ta IITA, da ake cuɗa irin waken suya da shi a inuwa kafin shuka.

Ina roƙon shafinku na noma ya buga hoton fasasshen ƙullutu, mai ja da mai fari, kafin wata daminar. Ɗan wan nawa dai ya ɗaure ragowar buhun ya kai gonar masara, yana ta gunaguni.

Naku,
Tsohon malamin gona, daga Ɗambatta