Kamfanin Nokia bai mutu ba, rumfa ya sauya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai sauraren shirinku ne na kimiyya da fasaha, kuma gyaran waya ce sana'ata a nan Kano. A shirin da ya gabata an lissafa Nokia cikin kamfanonin da suka mutu. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ba haka take ba, ga shi kuma yaran shagona da muke saurare tare sun ɗauke ta yadda aka faɗa.

Kamfanin nan ba da waya ya fara ba. A 1865 wani injiniya mai suna Fredrik Idestam ya kafa injin niƙa itace don yin takarda a garin Tampere na ƙasar Finland. Bayan 'yan shekaru ya kafa na biyu a kusa da wani gari da ake kira Nokia, daga nan sunan ya samo asali. A 1967 kamfanin ya haɗe da wani kamfanin roba da wani mai ƙera wayoyin lantarki, aka yi ta sayar da takalman ruwa da tayoyin mota, daga baya har da talabijin, duk da sunan Nokia. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Finland ta rasa babbar kasuwarta, tattalin arziki ya shiga halin ni-'yasu. A cikin wannan matsin Jorma Ollila ya karɓi ragamar kamfanin a 1992, ya riƙa rabuwa da sauran sana'o'in, ya tattara ƙarfi a kan sadarwa. Shekara shida kacal, a 1998, Nokia ya sha gaban Motorola ya zama na ɗaya a duniya wajen sayar da wayar hannu.

Sauran labarin mu ma shaida ne. GSM ta shigo Najeriya a 2001, lokacin 3310 tana tashe. Sai 1100 ta fito a 2003, mai tocila, wadda ƙura ba ta shiga madannanta da sauƙi, caji ɗaya ya kai ka kwanaki. An sayar da fiye da miliyan 250 na wannan samfurin. Kuma a 2005, da kamfanin ya sanar ya sayar da wayarsa ta cikon biliyan ɗaya, 1100 ce, a Najeriya aka saye ta. Har yau dattawa sukan kawo mini irinta a gyara, sai in buɗe in tarar batir ne kawai ya gaji. Wanda ya zana wayar nan ya san akwai inda ake ɗauke wuta, ya san akwai inda iska ke tashi da yashi. Ina girmama wannan aikin.

Ban musa faɗuwar ba. iPhone ta zo a 2007, Android ta biyo baya, Nokia ya daɗe yana riƙe da manhajarsa ta Symbian bayan jama'a sun juya. A 2011, zamanin shugabancin Stephen Elop, ya rungumi manhajar Windows ta Microsoft, kasuwa ba ta karɓa ba. A ganina akwai kuskuren da ya fi shafarmu a nan: mutum yana yawo da layi biyu ko uku saboda sabis ba shi da tabbas, amma Nokia ya makara wajen kawo waya mai layi biyu, su Tecno da Itel suka cike gurbin. A 2012 aka daina haɗa waya a masana'antarsa ta garin Salo, dubban mutane suka rasa abin yi. A 2013 aka sanar da sayar da ɓangaren wayar hannu ga Microsoft a kan yuro biliyan 5.44, aka kammala cinikin a 2014.

A nan shirinku ya tsaya, alhali a nan ne abin da ya fi muhimmanci ya fara. Tun asali Nokia ba wayar hannu kaɗai yake yi ba. Kiran GSM na farko a duniya, wanda tsohon firaministan Finland Harri Holkeri ya yi ranar 1 ga Yuli 1991, Nokia na cikin waɗanda suka haɗa na'urorin da ya bi ta kansu. A 2007 ya yi tarayya da Siemens na Jamus a harkar kayan sabis, a 2013 ya saye kason Siemens ɗin a kan yuro biliyan 1.7. Wato a shekarar da ake masa ta'aziyya, shi yana can yana faɗaɗa wata rumfar. A 2016 ya kammala sayen kamfanin kayan sadarwa na Alcatel-Lucent, cinikin da ya kai yuro biliyan 15.6, wanda ya haɗa da shahararriyar cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Yau daga hedikwatarsa a Espoo yana gogayya da Ericsson na Suwidin da Huawei na Sin wajen sayar wa kamfanonin sadarwa eriya da na'urorin 4G da 5G. Wayoyin da suka dawo kasuwa da sunan Nokia kuwa, wani kamfani ne daban, HMD Global, ya karɓi lasisin sunan a 2016.

Abin da ya sa na damu shi ne yaran da nake koya wa aiki. Duk tunaninsu sadarwa a kan gilashi da batir da soket ɗin caji ta ƙare. Ba sa ɗaga kai su dubi turken sabis da ke bayan unguwarsu su tambayi me ke cikin akwatunan da ke gindinsa, wa ya ƙera su, wa ke gyara su idan sun tsaya. Can ma akwai sana'a, kuma tana neman masu ilimi.

Don haka ina roƙonku, ku gyara wannan bayani a shiri na gaba. In da hali, ku gayyato ɗaya daga cikin injiniyoyinmu masu hawa turakun nan, ya bayyana mana da Hausa hanyar da kira ke bi daga wayar da ke hannuna har ya isa ga ɗan'uwana a Maraɗi.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai saurarenku,
Wani mai gyaran waya, Kano